Kwalba Talatin da Shida

Safar hannu na shiga sito in ɗauko ranar Litinin da safe, sai idona ya faɗa kan kwalin da ke ƙasan kanta. Na durƙusa na karanta kwanan watan da aka buga a gefensa. Talatin ga wata. Na ƙirga da yatsu kamar 'yar firamare, saura kwana goma sha ɗaya. Na buɗe kwalin, ga kwalabe talatin da shida a jere, wasu ko ledarsu ba a yage ba.

Shekarata goma sha huɗu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitinmu, kuma a duk ayyukan da nake yi babu wanda nake so kamar na kwalaben nan. Kalcha na jini muke ce masa. Idan likita ya yi zargin ƙwayar cuta ta shiga jinin mutum, sai mu ɗebi jinin mu zuba a kwalba biyu masu ɗauke da ruwan da ƙwayar take so, mu sa su a wani inji mai ɗumi, mu jira. In tana ciki za ta ci ta hayayyafa, injin ya yi ƙara. Daga nan mu gano ko wace iri ce, mu gwada magunguna a kanta mu ga wanne ke kashe ta. In babu gwajin nan, lalube likita yake yi. Ya ba da wannan allurar, in ba ta yi ba ya sauya wata, majinyaci kuwa yana ta narkewa a kan gado.

A da dubu goma sha takwas ne. Farkon shekara aka manna sabuwar takarda a tagar kashiya, ya koma dubu arba'in da shida. Tun daga ranar mutum biyar kacal na yi wa. Ba wai an daina ciwon ba ne. Takardun likitoci kullum sai sun zo. Mutum zai miƙo takarda ta taga, in faɗa masa kuɗin, ya ce, "Bari in je in dawo." Ni da shi duk mun san ba zai dawo ba. Kwalbar kuma da zarar ta wuce kwananta ta zama shara, ko kyauta ba a yarda a yi aiki da ita ba.

Na zauna na rubuta takarda, na ninke na sa a aljihun farar rigata, sannan na shiga ofishin shugabanmu. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ka je masa da shi amsarsa ɗaya ce, har muka laƙaba masa Oga A-Rubuto. Ranar da famfo ya fashe ruwa ya malale mana ɗaki, da aka ruga aka gaya masa, cewa ya yi a rubuto.

Na ce, "Oga, kwalaben kalcha za su mutu ranar talatin. Guda talatin da shida. Na mutum goma sha takwas ke nan."

"Subhanallahi. Wannan asara da yawa take."

"Ba sai ta zama asara ba. A mayar da kuɗin yadda yake a da, na kwana goman nan kawai. Asibiti ya sami wani abu, majinyata su sami gwaji."

"Shawara mai kyau ce ƙwarai. Ki rubuto."

Na zaro takardar na ajiye masa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi 'yar dariya, ya sa hannu, ya rubuta a kai Manaja. Har na juya zan fita ya ce, "Amma kin san farashi ba Manaja ke taɓa shi ba. Kwamiti ne."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Alhamis ta farko a kowane wata."

Wato kwana shida bayan kwalaben sun mutu. Na faɗa masa haka. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya ce ai ba shi ya tsara kalanda ba.

Ranar Laraba wata mata ta zo taga. Doguwa ce siririya, filas a hammata, wayarta ɗaure da roba don kada batirin ya faɗo. Ta gaishe ni a ladabce ta miƙo takarda. Mijinta mai walda ne. Sati biyu da suka wuce ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Yau kwanansa shida a ɗakin maza, zazzaɓi ya ƙi sauka, yana karkarwa har gadon yana ƙara.

Na ce, "'Yar'uwa, dubu arba'in da shida ne."

Ba ta ce bari ta je ta dawo ba. Tsayawa ta yi tana kallona kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Anti, ashirin gare ni. Abokan aikinsa ne suka haɗa mana jiya. Ba za a yi rabi ba? Na ji an ce kwalba biyu ce. A yi mana ɗaya."

Kafin in amsa wani mutum ya matso daga bayanta, kakkaura, da furfura a gemu. Wan mijinta ne.

"Malama, nawa kika ce?"

Na maimaita.

"Don a duba jini kawai? Shekaranjiya an ɗebi jininsa, dubu huɗu muka biya. Jinin ne ya sauya ko me?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda wancan ƙirga ƙwayoyin jini kawai yake yi, wannan kuwa shi ke faɗar sunan cutar da maganinta. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"To. In kun gano sunanta, shi ke nan ya warke?"

"A'a, sai a sayi maganin da ya dace."

"Da wane kuɗin?"

Ya juya ga matar ƙaninsa. "Kin ji ko? Gwaji ba magani ba ne. Ashirin ɗin nan ta allurar gobe ce da jibi. Mu je."

Ta ce, "Yaya, likita ta ce allurar ba ta yi masa aiki."

"To gwajin ne zai yi masa? Wuce mu tafi."

Suka tafi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ban ga inda mutumin ya yi kuskure ba. Na koma ciki na tsaya gaban injin, fitilarsa kore, ramukansa sittin, guda ɗaya tak ke da kwalba. Dare da rana yana shan wuta yana ɗumama iska.

Washegari tun kafin in gama sa farar riga likitar ɗakin maza ta sauko da kanta. Yarinya ce, ba ta fi shekara uku da fara aiki ba, idanunta sun yi ja don rashin barci.

"Anti, mai waldan nan zai tafi a hannuna. Magani biyu na sa masa, kamar ruwan famfo nake ɗura masa. Jininsa yana sauka, fitsarin ma ya ragu. Akwai na uku da nake tunani, kowace allura dubu tara, sau uku a rana, kuma wallahi ban san ko za ta yi ba. Yaya zan ce wa matar nan ta sayo abin da ni kaina caca nake yi da shi?"

Na ce ta ba ni zuwa azahar.

Awa ɗaya da kwata na yi a kan bencin ƙofar Manaja. Sakatariyarsa ta ce yana waya, sannan yana da baƙo, sannan yana waya. Da na shiga, sanyin na'ura ya daki fuskata. Takardata tana kan teburinsa, an ɗora mata kofin shayi.

"Malama, na karanta. Kin yi tunani, ba na musu. Amma kin san me ke cikin dubu arba'in da shidan nan?" Ya fara lanƙwasa yatsu. Kwalaben daga waje ake kawo su, kuɗin canji ya tashi. Injin ba ya yarda a ɗauke masa wuta, ga man janareto. Mai gyaransa duk wata shida sai an biya shi. "Sannan ga asarar bara. Bara kwalba ashirin muka zubar. Ai dole a mayar da kuɗinsu."

Na ce, "Yallaɓai, bari in gane. Saboda mun zubar da ashirin bara muka ƙara kuɗi. Saboda mun ƙara kuɗi bana za mu zubar da talatin da shida. Baɗi fa?"

Ya haɗe rai. "Ke gwaji kika karanta, ni kuɗi na karanta."

"Shi ya sa nake tambaya. Dubu goma sha takwas da babu, wanne ya fi?"

Ya ture kofin gefe, ya sassauta murya. "Bari in gaya miki gaskiya, tunda kin matsa. Kwalbar da ta lalace, fom ɗaya zan cike, magana ta ƙare. Kwalbar da na sayar ƙasa da farashi kuwa, masu binciken kuɗi na zuwa za su ce ina ragowar, wa ya ci. Ni ma iyali gare ni."

Na ba shi labarin mai walda. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini fom na marasa ƙarfi. Shafi uku. Sai jami'ar jin daɗin majinyata ta yi hira da iyalin ta sa hannu.

"Tana ina?"

"Ta tafi kwas. Talata za ta dawo."

Na karɓi fom ɗin na fito. Ban rufe ƙofar da ƙarfi ba, amma sakatariyar ta ɗago ta dube ni.

A matattakala na tsaya na kira likita, na tambaye ta ƙarfe nawa za a yi masa allura ta gaba. Ta ce biyu. Jinin kalcha an fi so a ɗebe shi kafin a fara magani. Tunda wannan ta wuce mu, abin da ya rage shi ne a ɗeba daf da allura ta gaba, lokacin da maganin ya yi ƙasa a jini. Na ce ta gaya wa nas kada a taɓa shi sai na zo.

Biyu saura kwata na buɗe sito da makullina, na ɗauki kwalba biyu. Na haura ɗakin maza. Mutumin yana kwance a gado na bakwai, ƙato ne, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta, amma idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Matarsa tana shafa masa jiƙaƙƙen tawul a goshi. Na goge hannunsa sau biyu, na jira ya bushe, don in ƙwayar fata ta bi allura ta shiga kwalba, duk wahalar ta tashi a banza. Jijiyar ta ɓuya, sai a karo na biyu na samu. Bai ko motsa ba.

Wansa yana tsaye a ƙafar gado. "Malama, mu fa ba mu biya ba."

"Na sani."

Matar ta biyo ni har baranda, tana ƙoƙarin cusa mini kuɗin a aljihu. Na riƙe hannunta. "Ki adana su. Magani za ki saya da su."

Na sa kwalaben a inji. Sannan na buɗe rajista, a wurin da ake rubuta lambar rasit na rubuta, "Ba a biya ba. Ni na ɗauka." Na sa hannu. Na san zan iya cewa sun faɗi sun fashe, babu wanda zai tambaya. Amma sakamako zai fita da sunan majinyaci, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi ƙarya a kan abin da za a zubar a bola nan da kwana takwas ba.

Juma'a wajen ƙarfe goma na safe ina duba fitsarin wata mai ciki sai injin ya yi ƙara. Na kusa faɗuwa daga kan kujera. Duka kwalba biyun. Na ɗiga a gilashi, na rina, na sa a madubin da ke ƙara girman abu, ga su nan birjik. Na kira likita na gaya mata dangin da ƙwayar ta fito, na shuka ta a faranti, washegari na jera wa ƙwayar magunguna. Ranar Lahadi ba ni da aiki, amma na bar wanki a baho na zo na karanta. Magani biyun da ake ɗura masa, ƙwayar ta yi girma har kansu, ko a jikinta. Na ukun nan mai dubu tara, shi ma haka. Wanda ya share ta tas wani tsohon magani ne da ke nan kantin maganinmu, wanda ashirin ɗin matar za ta sayi na kusan sati.

Da na faɗa wa likita a waya ta ce, "Da yanzu na sa sun sayar da injin waldarsa a banza."

Talata da safe zazzaɓin ya sauka. Talata da rana takardar tuhuma ta iso ni. Kashiya ya haɗa lissafin mako, ya ga gwaji ba rasit, ya kai sama. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Oga ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa.

"Haba, Malama. Haba. Ke da hannunki? Da kin zo mun san yadda za a yi."

"Oga, shekara goma sha huɗu kana ce mini in rubuto. Na rubuta."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Hukuncin ya riga ya sauko: za a cire dubu arba'in da shida daga albashina, kashi biyu, kuma in miƙa makullin sito. Na ciro shi daga cikin makullan gidana na ajiye masa a tebur.

Da yamma na tarar da maigidana a tsakar gida yana duba littattafan ɗalibansa. Malamin lissafi ne. Na zauna a tabarma na ba shi labari tun daga farko. Ya ajiye jan biro.

"Tsaya. Kwalbar da za a zubar ranar Juma'a, ita kika saya dubu arba'in da shida?"

"Ita."

"Kuma sauran talatin da huɗun za a zubar da su kyauta?"

"Kyauta."

"Tun da na aure ki ban taɓa ganin kin yi ciniki irin wannan ba." Ya yi dariya har da tari. Da ya ga ban taya shi ba, ya ce, "Mutumin ya tashi?"

"Yau har ya sha shayi."

"To shi ke nan. Takalmin yara ya jira wata mai zuwa." Ya ɗauki bironsa. Can ya ƙara da cewa, "Amma don Allah sau ɗaya ya isa. Albashin naki na mutum nawa ne?"

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Ashe wan mai walda, shi da ya ce gwaji ba magani ba ne, ya cika ɗakin maza da yabona. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labari: akwai wata baiwar Allah a ɗakin gwaji, kyauta take yi, ta fi likitoci sanin aiki. Daga ɗakin maza labarin ya tsallaka na mata, ya sauka na yara.

Laraba da safe na ɗaga labulen taga na ga wani dattijo da takarda a hannu. "'Yata, ke ce mai yi kyauta?"

Na ce, "Baba, ba kyauta ake yi ba."

"An ce ke ce. Doguwar riga fara, da tabo a haɓa."

Na yi masa bayanin cewa sau ɗaya na yi, an hukunta ni, makullin ma an karɓe. Ya gyaɗa kai, ya gode, amma na ga bai yarda ba. Bayansa wata mata ta zo, ƙanwarta ta haihu kwana biyar, jikinta ya yi zafi rau. Ita ba ta gode ba. Cewa ta yi, "Ai dama sai wanda kuka sani. Allah yana kallonku." Ta faɗa da ƙarfi, duk masu jira suka juyo. Na sauke labule, na shiga bayan injin na tsaya. Sito yana nan taku huɗu daga inda nake, a kulle.

Alhamis su uku na tarar: dattijon jiya, wanda ɗansa ne a kwance, da matar da ta zage ni, da wata uwa da jaririnta ke ɗakin yara. Na dube su, na dubi takardunsu. Na gaji da zama bakin da ke faɗar kuɗin da ban yanka ba. Na zagayo ta ƙofa na ce, "Ku biyo ni."

Na haura da su bene na zaunar da su a bencin Manaja. Sakatariya ta ce yana waya. Na ce za mu jira. Ta ce ba a kawo majinyata nan. Na ce ba majinyata ba ne, masu jinya ne, kuma tambaya ɗaya suke da ita. Minti ashirin sai ga shi ya fito da makullin mota a hannu. Ya gan su, ya gan ni.

"Malama, mene ne haka?"

"Yallaɓai, gobe kwalabe talatin da huɗu za su tafi bola. Waɗannan kowannensu biyu yake nema. Na gaya musu ba zai yiwu ba, sun ƙi yarda da ni. Ka gaya musu da bakinka."

Dattijon ya miƙe ya cire hula ya gaishe shi. Uwar jaririn hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi. Manaja ya ce in shigo ciki. Ya rufe ƙofa ya yi mini faɗa sosai, ya ce wannan rashin ɗa'a ne, ya ce tuhuma ɗaya ba ta ishe ni ba. Da ya gaji ya kira shugaban kwamiti a waya. Ina jin muryar mutumin daga inda nake, yana cewa a sa a ajandar mako mai zuwa. Na tambayi fom ɗin marasa ƙarfi, tunda jami'ar ta dawo. Ya ce bayan ta sa hannu sai an kai ofishin akanta, kwana uku na aiki.

Ya zauna ya dafe goshi. "Abin da zan iya ɗaya ne. Doka ta ba ni ikon yafe wa mutum ɗaya a wata."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. "Kana da wannan ikon? Ranar da na zo maka da maganar mai walda kana da shi?"

"Ana ajiye shi ne don larura."

"Waccan mece ce?"

Ya jawo takarda ya sa hannu, ya bar wurin suna fari. "Mutum ɗaya. Ki zaɓa."

Ban zaɓa ba. Na kira likitocin su uku, suka yi magana a tsakaninsu, suka ce jaririn. Ni dai aka bar wa faɗa. Dattijon ya ce, "Ai yaro ne, ya fi mu buƙata," ya sa hularsa ya sauka a hankali yana dafa bango. Matar ta dube ni sama da ƙasa, wannan karon ta juya ta tafi kawai, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na jariri kwalba ɗaya ake sa wa, ɗan jini kaɗan. Oga da kansa ya buɗe sito ya miƙo mini. Ranar Juma'a da yamma shi ya sake buɗewa, ni na ƙirga, shi ya rubuta, talatin da uku. Muka zuba a jar leda, mai shara ya ɗauka.

Kwamiti ya zauna ranar da ya saba. Ba a kira ni ba. Oga ne ya dawo da labari: sun duba alƙaluma sun ga gwajin ba shi da kasuwa, don haka daga yanzu kwalba goma sha biyu za a riƙa sayowa, farashi yana nan yadda yake. Ni kuma an ɗauke ni daga taga, an mayar da ni can ciki sashen fitsari, inda ba na ganin kowa sai robobi masu lamba.

Mai walda ya yi sati uku kafin a sallame shi. Sai da aka shiga da shi tiyata aka wanke ƙafar, ƙodarsa ma ta taɓu, an ce zai riƙa zuwa ana dubawa. Ya fita da sanda, matarsa riƙe da filas. Jaririn an gano tasa ƙwayar, ya warke. Mai jegon, danginta sun haɗa kuɗin bayan kwana huɗu, aka yi mata a wani asibiti, tunda namu kwalaben sun riga sun tafi bola.

Ɗan dattijon ne ban san yadda ya ƙare ba. Ranar da na sami sarari na haura ɗakin maza, na tarar da wani a gadonsa. Na tambayi nas ɗin da ke kan aiki. Ta ce ita jiya ta dawo daga hutu, ta buɗe littafi ta bi da yatsa, ta ce an rubuta iyalinsa sun ɗauke shi, likita bai sallame shi ba.

"Zuwa wani asibitin ko gida?"

"Ba a rubuta ba, Anti. Akwai lambar waya, in kina so."

Na kwafe ta a bayan hannuna. Na kira sau biyu a ranar, a kashe. Washegari na sake kira, wata yarinya ta ɗauka ta ce ba ta san su ba, wayar yayanta ce, wani tsoho ne ya taɓa aronta a asibiti.